Sawun Taya a Kan Faifai

Yamma da ƙauyenmu, can arewa da Takanamat, akwai wani fili da muke ce wa Faifai. Ba gona ba ne, ba kuma tabki ba ne. Fili ne shimfiɗaɗɗe mai ɗan zurfi a tsakiya, zurfin da ido ba ya gani sai ruwa ya sauka ya nuna shi. Ta kudu, inda ƙasa ta gangara, akwai wani ɗan tudun yashi da bai wuce gwiwa ba, saiwoyin ciyawa da ƙananan ƙayoyi sun riƙe shi, shi ne ke tare ruwan. Ruwan sama ɗaya mai kirki ya isa. Sai ya kwanta kwana uku ko huɗu iyakar idon sawu, ya nutse a hankali, sabe ya fito. Sabe ciyawa ce mai ƙananan ƙwayoyi, sun fi gero ƙanƙanta nesa ba kusa ba, ana tuwo da kunu da su. A shekarar wadata abin marmari ne. A shekarar da gero ya ƙi kuwa, da shi ake rayuwa.

Gwaggona, ƙanwar babana wadda ta raine ni bayan rasuwar uwata, ita ce ke buɗe sharar Faifai, kamar yadda uwarta ta yi kafin ita. In ciyawar ta bushe ta zubar da ƙwaya, matan ƙauyenmu da matan Buzayen da ke sauka kusa da rijiyarmu sukan taru a bakin filin da tsintsiya da ƙwarya, kuma ba wadda za ta sa ƙafa sai gwaggo ta fara. Dokokinta ba su da yawa, amma ba ta wasa da su. Ba a shiga da takalmi. Jaki a bakin fili ake ɗaure shi, raƙuma da shanu ta gefe suke bi. Kuma ba a shara biyu: abin da tsintsiya ta bari a karon farko na ƙasa ne, shi ne irin baɗi.

Fuskar ƙasar wurin tana da wani ɓawo baƙi-baƙi, siriri kamar ƙanzon tukunya, ƙarƙashinsa kuwa gari ne tsantsa. Gwaggo takan ce a cikin ɓawon nan irin yake kwana, ko shekara biyu aka yi ba ruwa zai jira, muddin ba a fasa masa ɗaki ba. Na sha tsintsiya a ƙwauri saboda wannan ɓawo tun ina yaro. Ina faɗin haka ne don kada wani mai tausayi ya ce ai bai sani ba. Na sani sarai.

A farin farko, wanda aka yi dab da soja su karɓi mulki, geronmu bai kai gwiwa ba ya ƙone. Ruwa ɗaya tak aka yi na kirki, Faifai ya riƙe shi. Da sabe muka kai wata damina. Ƙauyukan da ke kewaye da mu sun watse, wasu sun binne nasu, mu ba mu binne kowa don yunwa ba. Bayan an fita wannan na sauka Tawa, na koyi mota, Allah ya ba ni aikin tuƙin kamyo, wato babbar motar kaya, na gwamnati. Kai, lokacin nan na ji kaina! Ga baƙin tabarau, ga agogo, in na je gida yara na bina a guje. Gwaggo ce kaɗai ba ta ɗauke ni wani abu ba. Mai ƙarfe take ce mini, ta miƙo mini ruwa, ta ce in wanke hannu tukuna don ina warin gazuwal, man kamyo.

Kamar shekara goma bayan haka fari ya dawo, kuma wannan ya fi na farko mugunta. A wajenmu ko ruwa ɗayan nan ba a samu ba. Faifai bai jiƙa ba, sabe bai fito ba, filin ya zauna tas ba ko tsinke. Da ɗari ya shigo aka loda mana jar dawa ta taimako a mangazar Tawa, inda gwamnati ke ajiye hatsi, kamyo shida, aka ce mu kai wata rijiya can arewa da ƙauyenmu inda makiyayan da dabbobinsu suka ƙare suka taru. Aka haɗa mu da wani ajidan, wato ƙaramin hafsan soja, saurayi ne daga wajen kogi, Hausarsa tsinta-tsinta. Ba zan ɗora masa abin da bai yi ba. Mutumin kirki ne, ya riga ya je rijiyar sau ɗaya ya ga yaran da ke can, tun daga nan ya zama mutum mai gaggawa.

Hanyar da kowa ya sani, in ka bar Takanamat sai ta karkata gabas ta bi cikin duwatsu, ta yi wani dogon zagaye kafin ta dawo arewa. Tana cin rabin yini, tana cin taya, tana karya ƙarfe. Da hantsi muka tsaya Takanamat muna ƙara wa motoci ruwa, ajidan ya baza taswira a gaban motarsa yana tsaki. Direbobi kowa na ƙorafin duwatsun nan. Sai wani dattijon direba, Badamagare, mai bakin tsiya, ya nuna ni da haɓa ya ce ga ɗan ƙasa nan ya yi shiru kamar baƙo, ko dai bai san garinsu ba ne.

Ba wanda ya tilasta ni. Ba wanda ya ɗora mini bindiga, ko da yake daga baya na so a ce haka aka yi. Ni da bakina na ce na san wata hanya miƙaƙƙiya. Na sa yatsa a taswira, a wani wuri fari da ba a rubuta komai ba. Ajidan ya dubi wurin, ya dube ni.

"Gonar wani ce?"

"A'a, ranka ya daɗe. Ba gonar kowa ba ce."

Ban yi masa ƙarya ba, kuma wannan shi ya fi ci mini rai. Na gaya wa kaina cewa ƙasa ta bushe ƙamas, ba abin da ke tsiro, wucewa ɗaya ce, ga mutane can suna mutuwa. Duk gaskiya ne. Amma akwai wata gaskiyar a ƙarƙashi, ita ce ina so in wuce ta gaban ƙauyenmu ina jan motoci biyar da soja a bayana.

Na shiga gaba. Na san inda tudun kudu ya fi ƙasa-ƙasa, nan na nufa. Tayoyin gaba suka hau, na baya suka nutse, na sauya giya na taka, motar ta yi gurnani tana tono yashi tana watsawa baya har ta haye. Biyar ɗin da ke bina kowace ta ƙara nata tonon. Kafin ta ƙarshe ta wuce, tudun ya zama ƙofa.

Abin da ban manta ba shi ne ƙarar. Duk da rurin inji na ji ta, ƙas-ƙas-ƙas, ɓawon yana fashewa ƙarƙashin taya, har a tafin hannuna nake jin ta ta cikin sitiyari. Na dubi madubi na ga layi biyu farare suna bina a kan baƙar ƙasa. Can ta hannun dama, wajen ƙauye, na hangi mutane tsaye. Ban tantance kowa ba, ban kuma yi ƙoƙarin tantancewa ba. Na danna musu oda. Wallahi na danna, har sau uku, irin ta masu kai amarya. Ba mu yi minti goma sha biyar a cikin Faifai ba muka fita ta arewa.

An raba dawar, mutane sun ci, wasu da dama sun rayu. Muka dawo ta inda muka bi.

Abin da direba ya sani, ni kuma na yi kamar na manta, shi ne sawu ba shi da mai shi. In ka ga taya ta bi wuri, kai ma nan za ka bi. Kafin wata ya ƙare duk motar da za ta arewa ta Faifai take ratsawa: namu na taimako, na soja, ƙananan motocin Nasara masu kawo magani, har da ƴan kasuwa masu zuwa sayen fatun dabbobin da suka mutu. In sawu ya yi zurfi har cikin mota na gogar ƙasa, sai direba ya kauce gefe ya buɗe sabo. Da bazara ta yi na daina ƙirga layukan.

Na ji labari gwaggo ta tara mata sun sari ƙaya sun jera a bakin ƙofar. Motoci suka kewaye ƙayar, suka fasa tudun a wuri na biyu. Ta je wurin maigari, maigari ya je Takanamat, aka tambaye shi ko hanyar abinci yake so a toshe a wannan shekara. Haka ya dawo gida. Ni kuma wata rana a gareji na ce wa direbobi don Allah su koma ta duwatsu, filin nan abincin mutane ne. Badamagaren nan ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce wanda ya buɗe ƙofa shi ne yau ya zama mai gadi. Na ɗauki ƙarfen kwance taya na yi kansa, sai da aka riƙe ni. Ba haushinsa nake ji ba, shi ma ya san haka, don washegari shi ya fara gaishe ni. Daga nan ni kaɗai na koma bin duwatsu, ina fasa tayoyi ina shan faɗa a ofis, sauran motoci na wucewa ta Faifai suna riga ni isa. Duk ranin nan ban taka ƙauye ba. Sai dai in aika wa gwaggo sabulu da sukari ta hannun wani.

Sai ruwa ya dawo. Ranar da aka yi na farko mai ƙarfi ina Tawa, mutane sun fito titi suna jiƙa da gangan, tsofaffi na kuka suna godiya. Ni ma na yi godiya, amma hankalina yana kan Faifai. Bayan mako biyu na nemi izini na tafi.

A ƙasa na ƙarasa, na tsaya a bakin filin. Ruwan bai kwanta ba. Ya sami sawun taya a shirye, kowane layi ya zama masa hanya, suka tattara shi suka kai shi ƙofar da muka fasa, ya fice kudu a yini ɗaya. Ƙofar ta zama rami iyakar ƙugu. Inda taya ta danne ƙasa ta daskare kamar siminti, ba abin da ya huda ta. Inda ta farfasa ɓawo kuwa, ruwa ya kwashe garin da irin da ke ciki ya tafi da su. Sabe ya fito, amma tsilli-tsilli, a ƴan tsibiran da suka rage tsakanin layuka. A wannan shekarar geron kowa ya yi kyau, don haka maza ba su damu ba, suka ce ai an samu hatsi, mene ne na kukan ciyawa. Matan da suka san abin da ya riƙe mu a farin farko su ne suka yi shiru.

Da kaka gwaggo ta fito da tsintsiyarta kamar kullum, mata suka taru. Ta daɗe tana duban filin, sannan ta ce bana ba shara, a bar wa ƙasa duka. Aka bar mata. Da rani ita da matan suka yi ta ɗauko duwatsu a ka suna cika ramin. Ni ma na ari mota ran Lahadi na kawo lodi biyu na zube a bakin fili, ta ce Allah ya yi mini albarka, na rasa inda zan sa fuskata. Ruwan farko na damina mai zuwa ya kwashe duwatsun ya watsar, ya ƙara wa ramin faɗi.

Daga nan kowace damina ramin sai ya ci gaba da cin ƙasa yana hawa arewa, yana yin rassa, kowane reshe yana bin wani tsohon sawu. Na yi yawo a ƙasar Adar, na ga kwazazzabai iri-iri. Wanda Allah ya yi karkace yake tafiya, yana kewaye dutse yana bin gangare. Namu miƙe yake sak kamar an ja igiya. In ka hau tudun bayan ƙauye ka duba, za ka ga inda motata ta ɗan kauce don wani kututture, ramin ma a nan ya kauce. Hannuna ne a kwance a ƙasa, ya fi tsayin mutum zurfi. Sabe ya ƙare, ƙarangiya da tumfafiya suka gaje wurin. Matan Buzaye suka daina sauka wajenmu da kaka. Yaran da aka haifa daga baya Ramin Soja suke ce masa, ni kuma ina ji ban taɓa gyara musu ba.

Gwaggo ba ta taɓa ce mini komai ba. In zancen ya taso sai ta ce masu motoci, ta wuce. In na je ta ba ni fura, ta tambayi matata da yara, ta yi mini tsiyar tumbin da na fara ajiyewa. Na ɗauka ba ta sani ba. Na lissafa nisan da ke tsakanin filin da inda mutanen suka tsaya, na ƙara da gilashin mota da tabarau, na ce ba yadda za a yi ta gane ni. Wannan lissafi na yi shi ya fi sau dubu. Abin ya bi ni har gida. In matata na kankare ƙanzo a tukunya da rana tsaka, ƙas-ƙas-ƙas, sai in tashi in fita ƙofar gida in tsaya. Ta ɗauka ƙarar ce ke sa mini tsamin haƙori, ta yi ta yi mini dariya, har ta koma kankarewa in ba na nan.

Wajen ƙarshen mulkin soja gwaggo ta kwanta ciwo, ƙafafunta suka kumbura. Na ɗauko ta na kawo ta gidana a Tawa don ta yi kusa da asibiti. Ba ta son garin, ta ce ko'ina ƙarar ƙarfe. Abinci ma ta ƙi, sai wata rana ta ce ita kunun sabe take marmari. Na zagaye kasuwar Tawa kaf, masu hatsi samari wasu ma ba su san sunan ba. Da ƙyar na samu ɗan kaɗan a ƙullin zane wajen wata tsohuwar Buzuwa da ta zo daga arewa mai nisa. Matata ba ta iya dama shi ba, gwaggo daga kwance take gaya mata yadda za ta yi.

Bayan la'asar ne, tana jingine a rumfar tsakar gida, ƙwaryar kunun a cinyarta. Ta kurɓa sau biyu ta lumshe ido. Na zauna a bakin tabarmarta. Ban shirya ba, bakina ne kawai ya buɗe, na ce gwaggo, ranar da motocin farko suka shiga Faifai, akwai abin da ban taɓa gaya miki ba.

"Na gan ka," in ji ta. "Kai ne a gaba. Har oda ka yi muna."

Na kasa ɗaga kai. Ta ce ta san zaman da nake yi a mota, kafaɗa ɗaya sama, tun daga nesa ta gane. Kuma ko ba ta gani ba, wane baƙo ne zai san inda tudun ya fi ƙasa-ƙasa? Na tambaye ta don me ba ta taɓa yi mini magana ba duk shekarun nan. Ta ce ita ma ta ci jar dawar nan, ta ba jikokinta, da wane baki za ta yi magana. Ta ce abu ɗaya ne kawai ta daɗe tana son sani, ta rasa wanda za ta tambaya. An gaya mata hanyar duwatsu ta fi ta Faifai da rabin yini.

"Rabin yinin nan da kunka samu, mi kunka yi da shi?"

Ba da faɗa ta yi tambayar ba. Na ga abin da take so a idonta. So take in ce mun tarar da wani yaro a bakin mutuwa, aka dama masa kunu ya farfaɗo, wanda da mun kai magariba da an binne shi. Da na faɗi haka da ta karɓa, da ta sami inda za ta ajiye filin uwarta. Ba wanda zai ƙaryata ni, ajidan ya daɗe da barin Tawa, Badamagaren ya rasu. Na buɗe baki da niyyar in ba ta yaron nan, sai na kasa.

Gaskiyar ita ce mun isa rijiyar da azahar. Umarnin da aka ba ajidan shi ne kada a kwance buhu ko ɗaya sai ma'aikacin da ke rabo ya iso, shi kuwa sai washegari da hantsi ake sa ransa. Ajidan ya yi ta kai da kawowa yana zagi da yarensu, amma bai karya umarni ba. Muka jera motoci, muka shimfiɗa tabarmi a inuwarsu. Mutanen suka zo suka zauna nesa kaɗan, mata da yara, suna kallon buhunan. Da ta duwatsu muka bi da mun iso da magariba, a kuma yi rabon a daidai lokacin da aka yi shi.

"Shayi munka sha, gwaggo."

Ta daɗe tana kallon kunun da ya rage a ƙwarya, har ya fara yin fata a sama. Sannan ta miƙo mini da hannu biyu, ta ce in kira yarana in ba su, kowa ya kurɓa ko sau ɗaya ne, don su san yadda yake.